Kifin da Sosandros Ya Tarar a Cikin Dutse

Sosandros ɗan masunci ne, amma bai taɓa jefa koma a ruwa ba. Yana da shekara tara ubansa da wansa suka tura jirgi wata safiya daga gaɓar garin Sirakusa, iska ta juya da rana tsaka, ko katakon jirgin ba a sake gani ba. Uwarsa, Timareta, ta yi kwana bakwai tana sintiri a bakin teku. A rana ta takwas ta kama hannun yaron, ta hau da shi tudu har ramukan da ake fasa dutse a bayan gari, ta damƙa shi ga wani ƙanen ubanta da ke aiki a can.

Ta ce, “Baffa, ga shi nan. A koya masa abin da ba ya motsi.”

Ya kuwa koya. Ya iya zagaye dutse da tsagi, ya kafa turakun itace a ciki, ya yi ta zuba musu ruwa har su kumbura, dutsen ya yi ƙara ya ɓalle daga uwar dutse. Ya san cewa farin dutsen Sirakusa da laushinsa yake fitowa, sai ya sha rana yake ƙara tauri. Kafin ya kai ashirin da biyar, in ana son ƙaton dutse wanda ba zai tsage a hanya ba, shi ake kira. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, marar yawan magana, garin dutse ya faranta masa gemu tun furfura ba ta zo ba. Abin da ya fi so a aikin bai wuce wannan ba: inda ya bar dutse da yamma, nan zai same shi da safe.

Ya auri Nikaso, ’yar masu yin cuku daga ƙauyukan tudu, mace mai kaifin baki da zafin nama. Ta haifa masa uku, biyu suka koma tun suna goye, aka bar musu mace ɗaya, Aristo. Gidansu da hannunsa ya gina shi, ya juya ƙofar ta ba teku baya. Uwarsa na tare da su. Ana cin kifi a gidan kamar kowane gida a Sirakusa, sai dai Nikaso ce ke sauka gaɓa ta sayo.

Yana da shekara arba’in da biyu aka fara ginin wani sabon haikali a cikin gari, aka ba ramin da yake aiki yankan duwatsun ginshiƙai. Wata rana da hantsi, can ƙasa inda rana ba ta sauka sai tsakar rana, ya ɗaga wani falalen dutse da ya rabu, sai ya ga kifi kwance a fuskar na ƙasa. Tsawonsa kamar tafin hannu da rabi. Ga kai, ga gurbin ido, ga ƙayoyin baya a jere ɗaya bayan ɗaya, jela ta ɗan lanƙwashe kamar yanzu ya kaɗa ta. Ya sa yatsa ya shafa. Dutse ne.

Yumakos, shugaban masu aikin ramin, ya hango shi a tsugune, ya ce, “Kai Sosandros, me ka tsaya kallo haka, ko matar wani ka hango a ƙasa?”

“Kifi ne.”

“To gasa mana, dama gurasar yau gaya ce.”

Bayi biyu da ke jan igiya suka yi dariya. Amma da Yumakos ya sauko ya gani da idonsa, sai fara’arsa ta ɗauke. Ya waiwaya hagu da dama, ya rage murya.

“Ka ji ni da kyau. In mutanen haikali suka ji wannan, za su ce alama ce. Za su kawo masu duba, a tsayar da aiki wata guda, duwatsu takwas da muka yanka a wannan gefen a ce ba su da tsarki. Kankare shi yanzu, ka juya fuskar ciki. Ba ka ga komai ba, ni ma ban gani ba.”

Sosandros ya ce to. Amma bai kankare ba. Ya zagaye kifin da tsagi, ya ɓamɓaro shi a siririn falale, ya naɗe a mayafinsa ya tafi da shi gida.

Nikaso ta duba, ta ja da baya, ta ce ya fitar mata da shi daga ɗaki. Timareta kuwa, da idonta ya riga ya yi rauni, ta ce a miƙo mata. Ta ɗora a cinya, ta bi shi da yatsu tun daga kai har jela.

Ta ce, “Ai na san shi. Irin waɗanda ke bin gaɓa ne da kaka. Kwando-kwando ubanka yake kawo su, ku yara kuna ƙi saboda ƙaya. Wa ya sassaƙa?”

“Ba wanda ya sassaƙa, Inna. A cikin dutse na same shi, gaba goma sha biyu ƙarƙashin tudu.”

Tsohuwar ta ce, “Ashe har can ya riga mu zuwa.”

Ba ta faɗi wa take nufi ba, shi ma bai tambaya ba. Ya san teku take nufi.

Ya fara zuwa wurin wani mai duba a bakin kasuwa. Mutumin ya ce alloli ne suka ajiye shi a can kamar yadda suka ajiye taurari a sama, ba don a yi tambaya ba. Ya ce masa ya kawo zakara fari a yanka. Ya kai zakara, aka yanka, zuciyarsa ba ta kwanta ba. Abin da ke cinsa ƙarami ne: me zai sa alloli su zauna su jera ƙayoyin kifi ɗaya bayan ɗaya a inda ba mai gani, kuma su lanƙwasa jelar?

Nikaso ce, da ta gaji da ganinsa yana juya cokali a kwano, ta ce ya je wurin mai sayar mata da man fitila. “Wannan baƙon da ya gudo daga Miletos lokacin da aka ƙone garinsu. Molfas. Ba abin da bai da magana a kansa, har yadda ake haihuwar iska ya sani. Ka je ya cika maka kunne, ko ni na huta.”

Molfas ɗan siririn mutum ne mai sanƙo, yana zaune tsakanin tulunan mai. Da ya ga falalen sai ya goge hannunsa a riga kafin ya karɓa. Ya ce a garinsu, tun yana saurayi, akwai mutanen da ba su da aiki sai zama a inuwar ginshiƙai suna gardama a kan da me aka yi duniya. Wani ya ce asalin komai ruwa ne, wani ya ce iska ce take kauri ta zama gajimare, ta zama ruwa, ta zama ƙasa. Shi dai yana kai wa ubansa mai ya tsaya ya saurara, har ya sha dukan makara.

Sosandros ya ce, “Ni ba duniya na zo tambaya ba. Wannan kifin na zo tambaya.”

“Iyo yake yi ya mutu, laka ta rufe shi.”

“A kan tudu?”

“Lokacin ba tudu ba ne, ɗan’uwa. Ƙasan teku ne.”

“Dutsen fa?”

“Lakar ce ta bushe.”

Sosandros ya yi wata gajeriyar dariya. “Shekara talatin da uku ina sara har kafaɗata ta kusa fita, ka ce mini laka nake sara?”

Molfas bai yi dariya ba. Ya ce, “Kusa da garinmu akwai inda kakana yake ɗaure jirginsa. Ni a wurin na tsinki wake ina yaro. Kogi ne yake kawo laka kowace shekara, teku na ja da baya. In daga kaka zuwa jika ruwa ya zama gona, me zai hana laka ta zama dutse in aka ba ta lokaci?”

“Kuma tekun zai dawo?”

“Haka masu gardamar garinmu suka ce. Abin da ya bushe zai jiƙe, abin da ya jiƙe zai bushe. Ba abin da ke zaune, sai dai wani ya fi wani sauri.”

“Yaushe zai dawo?”

“Wannan ba su faɗa ba. Su ba su cika damuwa da yaushe ba.” Ya miƙa masa falalen. Da ya ga yadda fuskar Sosandros ta yi, sai ya ƙara da cewa, “Amma fa ba su kaɗai ke magana ba. Can tsallaken ruwa ta arewa an ce akwai wasu masu cewa ba abin da ke sākewa ko kaɗan, ba abin da ke zuwa, ba abin da ke tafiya, ido ne kawai yake yi mana ƙarya. In su suka fi maka, ka ɗauke su.”

“Wa ke da gaskiya a cikinsu?”

Molfas ya ɗan taɓa bakin tulu. “Ni da na tsaya a jirgi ina kallon unguwarmu tana ci da wuta, ba zan iya bin na biyun ba. Amma na fi son tasu maganar.”

Daga wannan rana hannun Sosandros ya canza. Da, in ya ƙwanƙwasa dutse, tsaga yake saurare. Yanzu wani abu yake nema. Ƙananan ƙumba da katantanwa irin na teku da ke cikin farin dutsen, waɗanda tun yana yaro yake gani, masu aiki suna ce musu ƙurajen dutse, sai ga shi yana tsayawa a kan kowace ɗaya. Ya riƙa raba ɓaraguzai a lokacin cin abinci. Daga ɓaraguzai ya koma kan duwatsu masu kyau. Ya raba wani da aka kwana biyar ana yanka, don ya ga wani duhu-duhu a gefensa. Ba komai a ciki. Yumakos ya yi masa faɗa ya ƙyale shi, saboda tsohuwar sanayya. Da ya sake raba na biyu, wanda har an ɗaura masa igiya za a ja, sai Yumakos ya kira shi gefe.

“Ni ba masunci nake nema ba, mai fasa dutse nake nema. In ka gama kamun kifinka ka dawo.”

Bai koma ba. Sunan kuwa ya bi shi: Masuncin Tudu. In ya ratsa kasuwa, masu sayar da kifi su ce, “Yau me ya kama, babba? Ko dutsen ya yi sanyi ba sa fitowa?” Shi dai ya wuce.

Ya koma sassaƙa kwamin shayar da dabbobi, da dokin ƙofa, da duwatsun kabari, a wani ɗan rami da aka daina aiki a cikinsa. Abin da ke shigowa gidan ya ragu da fiye da rabi. Nikaso ta koma yin cuku kamar a gidan ubanta, tana kai wa kasuwa da kanta. Wata rana ya ce mata yana tunanin su tashi su koma ƙauyensu, can saman tuddai. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

“Baban Aristo, ruwan nan da ka ce zai zo, yau zai zo ko gobe? Faɗa mini in san ko in jiƙa sha’ir.”

“Ban sani ba.”

“To ni na san abin da zai zo yau. Yunwa ce, kuma ta san hanyar gidan nan. Mutumin da ya gaya maka wannan magana yana can yana sayar da mansa, yana cin abinci sau biyu. Kai kaɗai ka ɗauko ta ka aza a ka.”

Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Shi ma ba wai yana jiran ya farka ya ga ruwa a tsakar gida ba ne. Abin da ya kasa gaya mata shi ne, da yana tafiya a kan tudun nan kamar mai tafiya a gidan ubansa, yanzu kuwa kamar baƙo yake takawa.

Bayan shekara huɗu Timareta ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Da ya ga alamar haka, sai ya ɗauki kayan aikinsa ya hau can ƙololuwar tudun bayan gari, inda ba wurin da ya fi shi tsawo a duk kewayen, don ya haƙa mata kabari a cikin dutse. Makabartar unguwarsu tana ƙasa, kusa da hanya, amma ya ce a’a. Matar da teku ya cinye wa miji da ɗa ba za ta kwanta inda teku ya taɓa kwanciya ba. Ya yi kwana biyu yana sara. A rana ta uku, da ramin ya kai masa ƙugu, sai bakin diga ya buɗe wani jeri na ƙumba, fari fat, a kwance gefe da gefe, daga wannan bango har wancan.

Nan Nikaso ta same shi da la’asar, zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na lilo a ciki. Ta zo gaya masa tsohuwar ta cika. Ta leƙa ta ga abin da yake kallo. Wannan karon ba ta yi masa faɗa ba. Ta zauna kusa da shi.

Ya ce, “Ba inda tekun nan bai je ba.”

Ta ce, “Ta gama, maigida. Ba ta san ƙumba ba yanzu, ba ta san ruwa ba. Ƙarasa ramin, mata suna can suna yi mata wanka.”

Ya ƙarasa. Aka sa ta a ciki, aka zuba mai da zuma, aka rufe. Shekara guda bai hau wurin ba, sai Nikaso da Aristo ke kai abin da ake kai wa matattu.

Aristo ta auri Hermon, wani mai keken alfadarai da ke jigilar dutse zuwa cikin gari, mutum mai haƙuri wanda bai taɓa kiran surukinsa da sunan tsokanar nan ba. Molfas ya mutu da zazzaɓi, bai sake ganin garinsu ba. Aka gama haikalin, aka shafe ginshiƙansa da farar ƙasa mai santsi. Sosandros bai taɓa shiga ba. Ciwon tarin masu fasa dutse ya kama shi, irin wanda ke farawa da safe kawai, daga baya ya zauna.

Yana da shekara hamsin da bakwai, wata bazara, sama ta yi duhu ta arewa, toka ta riƙa sauka a kan shanya. Dutsen Etna mai aman wuta ne ya buɗe. Masu zuwa daga wajen garin Katane suka ce wuta ta gangaro kamar kogi, ta cinye gonaki, a wani wurin har ta shiga teku ruwa yana tafasa. Suka ce ba wuta ce kawai ba, dutse ne narkakke yake gudu.

Bayan wata biyu Sosandros ya ce zai je ya gani. Nikaso ta ce da wannan ƙirjin ko kasuwa ba ya kaiwa sai ya huta sau uku. Ya ce ko da rarrafe ne. Da ta ga ba zai bari ba, sai ta sa Hermon ya kai shi, ta ɗaure musu gurasar sha’ir da zaitun da busasshen ɓaure. Jirgin ruwa zai kai mutum a yini guda, amma ba wanda ya yi masa maganar jirgi. Kwana uku suka yi a keke.

Lokacin da suka isa wutar ta daɗe da tsayawa. Abin da suka tarar wani baƙin bango ne, tsawon mutum uku, ya ratsa gonakin inabi ya tsaya a tsakiyar wata gona, rabinta kore, rabinta babu. Sosandros ya sauko da ƙyar, ya je ya dafa. Da ɗuminsa, kamar bayan tanda. Ya ciro guduma ya buga. Ƙarar dutse ce, mai tauri, ta fi ta farin dutsensu nesa ba kusa ba. Wata biyu da suka wuce wannan abu yana gudu kamar kunu.

Mai gonar, wani dattijo mai tsumma ɗaure a ƙafa, yana zaune a gindin ɓaure. Da ya ga guduma sai ya taso.

“Baƙo, mai fasa dutse ne kai?”

“Da can.”

“Gidana yana ƙarƙashin nan, da wurin matsar inabina, da kabarin matata. Ana iya fasa shi? In an samu mutum goma, ko ashirin?”

Sosandros ya dubi tsawon bangon, ya dubi inda ya fito, har can inda ido ya gaza. Ya ce, “Ko mutum dubu.”

“To haka zai zauna ke nan, har abada?”

“A’a. Ba zai zauna ba. Zai ruɓe ya zama ƙasa, a sake shuka inabi a kansa.”

Idon dattijon ya ɗan yi haske. “Yaushe?”

Sosandros ya ce, “Ba a zamaninka ba, baba. Ba na jikokinka ba.”

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya tofar da yawu a gefe. “Tun daga Sirakusa ka taso don ka gaya mini wannan?” Ya juya ya koma gindin ɓaurensa.

A hanyar dawowa Sosandros ya yi ta tari. Hermon ya shimfiɗa masa buhuna a bayan keke, ya riƙa tafiya a hankali saboda gargada. Da suka isa gida Nikaso ta kama shi ta shigar da shi, ta ba shi ruwan zafi da zuma, ta bari ya sha rabi tukuna.

“To, ka gani. Hankalinka ya kwanta?”

“Na gani. Su Molfas gaskiya suka faɗa.” Ya yi tari, ya huta. “Wani mutum ya tambaye ni abu, na ba shi gaskiya, ba ta yi masa amfanin komai ba. Da na yi shiru.”

“Da ka yi shiru da ya tambayi wani. Sha sauran.”

Bai sake ɗaga guduma ba. Ya yi lokacin kaka yana zama a ƙofar gida in rana ta fito, jikokinsa biyu suna wasa a gabansa, wani lokaci ya gyara musu ’yan duwatsun da suke gini da su. Da sanyi ya shigo ƙirjin ya rufe, ya rasu wata safiya Aristo na riƙe da kansa. Yumakos, wanda shi ma ya tsufa har yana dogara sanda, ya aiko da farin dutse mai kyau daga tsohon raminsu, ya ce a kafa a kan kabarin. Nikaso ta karɓa, ta sa aka rubuta sunansa da na ubansa kawai. Kayan aikinsa ta ba Hermon ya kai wa wani maƙeri, aka narkar da su aka yi wa keken sababbin ƙusoshi.